Ginshiƙin Falon Hajiya Asabe

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Asabe ta aika a kira ni gidanta a Tudun Wada ba. Ni birkila ne, bokona bai yi nisa ba, gwiwoyina kuma sun gaji da hawa tsani. Amma ku masu koyon aikin nan, ku saurara.

Gidan bene ne, marigayi mijinta ya gina. A falon ƙasa akwai bim, wato dogon kankaren nan mai rodi a ciki da ke ɗauke da saman bene. Daidai ƙarƙashinsa kabad ɗinta na tangaran yake tsaye, tun na aurenta.

"Malam Sale, ɗan shafe min tsagar nan," in ji ta. "Ta ɓata min falo."

Na duba. Tsagar a tsakiyar bim take, ta taso daga ƙasa tana hawa. Na ja zare daga wannan kai zuwa wancan, sai ga bim ya yi ciki, har ya zauna a kan kabad. Ta ce da can tana cusa faifai tsakanin kabad da bim, yanzu ƙofofin ma sai kafinta ya fere su suke buɗewa.

"Hajiya, me ke sama?"

"Masarata mana. Duk kaka nake saye in ajiye."

Na hau. Buhuna har rufi, a tsakiyar ɗaki.

Na ce ba zan shafe ba sai injiniya ya gani. Ta ce, "Gidan da Alhaji ya tsaya a kansa da kansa kake wa sharri?"

Na ɗauko wani injiniya daga Gyallesu da muke aiki tare. Ya sa na shafa siminti kaɗan a kan tsagar, muka bar shi. Da muka dawo bayan 'yan makonni, shafin ya tsage, alamar bim bai daina sauka ba. Injiniyan ya zauna a ƙasa kusa da Hajiya ya ce, "Inna, Alhaji bai yi ha'inci ba. Kankare in ya daɗe da kaya a kai, a hankali yake sunkuyawa, kamar bayan tsoho. Don kwana aka gina ɗakin nan, ba don ya zama rumbu ba." Ya ce a sauke masara, a kafa ginshiƙi a inda kabad yake.

Hajiya ta dubi bim, ta ce, "Ashe shi ma ya tsufa."

Muka sauke buhunan, muka tokare bim da katako kafin mu janye kabad. Tana tsaye a kanmu, kowane faranti sai ta karɓa da hannunta. Muka haƙa tushe, muka ɗaura rodi, muka zuba kankare.

Abin da na koya shi ne, kada ka shafe tsaga kafin ka san me ke sama. Kuma in za ka faɗa wa mutum gininsa ya gaza, ka fara sanin wanda ya gina masa.

Bara na je gaishe ta, na tarar ta jingina da ginshiƙin tana jan carbi. Ashe sunana ta raɗa wa ginshiƙin.

"Ga takwaranka nan, Malam Sale," in ji ta. "Ya tsaya min a tsakiyar falo, baƙin taurin kai kamar kai. Amma dai ya fi ka gwiwa."