Hannun Daman Baba Attahiru

Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna makaranta, kuma abin da ubansu ya aikata ba laifinsu ba ne. Amma a ƙauyukan Bodinga da Shagari akwai waɗanda har yau in sun hango ni sai su ce "ga Likita nan," su tuntsire da dariya. Ni ma nakan taya su. Mutum ɗaya ne in ya kira ni da sunan nan nake sunkuyar da kai, wani dattijo a Kajiji wanda na yi sanadin mutuwar hannunsa na dama. Labarinsa da nawa nake so matasa su ji.

Da can ni mai shara ne a wani ƙaramin asibiti a Bodinga. In share, in goge, in ɗebo ruwa, in tura keken marasa lafiya. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma tuwo bai taɓa yankewa a gidana ba, kuma matata Hadiza ta iya miyar kuka. Da la'asar sai mu baje tabarma gindin dogon yaro ni da abokaina, mu yi ta musun ƙwallo kamar ana biyanmu. Barci kuwa, da na ɗora kai bisa matashi shi ke nan.

Ban san cikin daɗi nake ba sai da na sayi babbar waya. A cikinta na ga wani da muka yi aji ɗaya, wanda ni nake ba shi amsa a jarrabawa, ya jingina da wata shirgegiyar mota yana murmushi. Ban taɓa tambayar kaina ko motar tasa ce ba. Na ga wani ya gina bene, wani ya tafi Umara. Tun daga nan tuwon gidana ya daina daɗi, tsintsiya ta yi mini nauyi, majalisar gindin dogon yaro ta koma mini taron marasa zuciya. Hadiza ta lura. Wata rana ta ce, "Maigida, mi ka damunka?" Na daka mata tsawa na ce ba komai.

Ana nan sai aka sa ni gyaran sito. A cikin tarkacen da za a zubar na tsinci tsohon abin awon jini, irin wanda ake naɗa wa mutum a damtse a yi ta matsa 'yar roba. Allurarsa ta maƙale a sama, ba ta sauka. Na haɗa da wata farar riga da aka manta, na cusa a buhu na kai gida. Da wasa na fara. Na auna wani maƙwabcina, na dubi allura, na girgiza kai. Nan take fuskarsa ta canza, ya soka mini wani abu a aljihu ya ce don Allah in taimake shi. A ranar na gane tsoro ma haja ne.

Na haɗa garin kuka da kanwa da citta, na ƙulla a leda, na sa masa suna maganin hawan jini da yawan tunani. Na ajiye aiki. Na shiga bin kasuwanni, yau Dingyadi, gobe Kajiji, jibi can wajen Shagari. Dabarata ɗaya ce. In na naɗa wa mutum abin awo sai in rage murya in ce, "Jininka ya hau ƙwarai. Mi ka damunka?"

Samari, da kun ji abin da kunnena ya ji. Manomin da albasarsa ke ruɓewa a ajiya yana jiran farashi ya tashi. Malamin makarantar da aka turo daga nesa, ya bar iyali, ba shi da abokin hira sai bango. 'Yan'uwan da suka shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Dukansu sun haɗiye abin a ciki, don a wajenmu namiji ba ya cewa ya gaji. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai, hankalina yana kan aljihunsu.

Na sayi babur, na ɗinka manyan kaya, na ɗauki hoto na sa a waya don wani ma ya gani ya kasa barci. Amma ni ne na fara kasawa. Kowa ya yi mini sallama gabana sai ya faɗi. In na hango ɗan sanda sai in canza hanya. Mai sayar da maganin tunani, ga shi tunani yana cinye shi.

Baba Attahiru manomin albasa ne, dogo, mai fara'a. Duk ranar kasuwar Kajiji sai ya zo ya zauna a bencina ya miƙo hannu. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu neman kuɗi, waya ma sai an ga dama. Matarsa ta rasu. Shi da gaske yana da hawan jinin. Wata rana ya zaro ƙwayoyin asibiti daga aljihu ya nuna mini, ya ce ɗiyarsa Saudatu, ma'aikaciyar lafiya a Shagari, ita ke kawo masa. Na ga in yana shan waɗannan ba zai daɗe yana sayen nawa ba. Na ce, "Baba, aje su. Ba a haɗa su da garin ga." Ya amince, ya ajiye.

Ba a yi wata biyu ba ya yanke jiki ya faɗi a cikin gonarsa yana ban ruwa. Saudatu ta sami ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa ba a taɓa ba, ga ledojina a gefe, sai ta kai ƙara. Ranar kasuwa da hantsi, ina tsakiyar girgiza wa wani kai, 'yan sanda suka dafa kafaɗata. Da farar rigar aka wuce da ni ta tsakiyar 'yan tumatir. A kotu ban yi gardama ba. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Gidan yari ba wurin zuwa ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Amma a can aka raba ni da waya, aka raba ni da ƙarya, na koma sallah a kan lokaci, na koma shara, aikin da na raina. Abu ɗaya ya hana ni sakat: dattijon nan. Hadiza da ta zo ziyara ta ce yana raye, sai dai hannun dama ya mutu, magana kuma ta yi nauyi. Kullum ina tsara abin da zan ce masa, kullum ina rushewa.

Da na fito na yi mako uku ina kewaye-kewaye. Hadiza ta gaji ta ce, "Kai da ka iya zuwa Kajiji cuta, yanzu hanya ta ɓace ma?" Washegari na hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, don babur ɗina tuni an sayar.

Na same shi a zaure bisa tabarma, hannun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Saudatu tana nan ta zo duba shi. Na yi sallama, ta amsa a taƙaice ta kau da kai. Na durƙusa. Duk jawabin da na shekara biyu ina haɗawa ya gudu, sai hawaye. Da ƙyar na ce, "Baba, na cuce ka. Ka yahe mani."

Ya juyo gare ni. Sannan a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ya ce, "Likita. Garin ga naka, tun ranar hwarko na ji kuka ta da kanwa. Ni manomi na, ban san kuka ba?"

Na ce, "To Baba, don mi kaka zuwa?"

Ya ce, "Kai kaɗai ka tambaya ta mi ka damuna. Da na aje magani, ina gudun in ƙi maganarka ka daina saurare na. Wautata ta. Amma kai ma ka yi mugunta, kada ka manta." Sannan ya ce, "Na yahe ma. Hannu dai ba shi dawowa."

Saudatu ta ce ita ba ta yafe ba tukuna. Na ce tana da gaskiya. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinta ba.

Gonarsa ta kwanta ba mai aiki, sai na roƙi ya bar ni in noma, mu raba amfani. Yanzu shekara ta uku ke nan. Ina tashi da asuba, in tayar da injin ban ruwa, in bi kwamin albasa ɗaya bayan ɗaya, laka har gwiwa. In rana ta yi sanyi in zauna kusa da shi, in tabbatar ya haɗiye ƙwayarsa a gabana, mu yi ta hira. Na matsa wa 'ya'yansa har suka saba kiransa duk Juma'a. Wayata ƙarama ce, kira kawai take yi. Tuwon Hadiza ya dawo da daɗinsa, alhali ba ta canza komai a miyar ba. Wallahi ina jin daɗin rayuwata.

Don haka, ƙannena, kada ku auna cikin gidanku da hoton ƙofar gidan wani. Sana'ar da ke ciyar da ku, kome ƙanƙantarta, ku riƙe ta da mutunci. In abu ya dame ku ku faɗa wa na kusa da ku, kada ku yi irin tsawar da na yi wa matata. Mai ciwo ya je asibiti, ya guji irina. Kuma ku dubi tsofaffin gidanku, ku zauna, ku tambaye su abin da ke ransu, kafin wani maƙaryaci mai farar riga ya riga ku.

Kwanan baya muna zaune a zaure ina ta kallon hannun nan nasa. Baba Attahiru ya taɓa ni da na hagu, ya kwaikwayi muryata ta da, ya ce, "Likita, mi ka damunka?"

Wannan karon ban ce ba komai ba. Na ce, "Hannunka, Baba."

Ya yi 'yar dariyarsa ta gefen baki ɗaya. Ya ce, "Ai ga shi nan ka kawo mani naka biyu. Tashi ka kashe inji, ruwa ya isa."

Na tashi na tafi gona.