Baba Akanji da Aljihun Motar Babana

Da an idar da sallar asuba, Baba Akanji yakan gangaro bayan tashar Shaki da jakar buhu a kafaɗa, ya share gindin mangwaron nan, ya jera gwangwanayensa uku: na sifirin, na sukurori, da na tsoffin makullai. Sai ya sha kokonsa da ƙosai biyu, ya zauna jira. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan zaman. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da giya ko birki. Aikinsa shi ne wanda manyan kanikawa suka raina: ƙofar da ta ƙi rufuwa, gilashin da ya ƙi hawa, aljihun gaban mota da ya cije. Ƙarshen watan nan zai tattara gwangwanayen ya koma gida, kuma na san ba wanda zai kafa rumfa ko ya kira makaɗa saboda shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da ni ma a gajiye nake.

Iya Morenike mai amala, wadda ta shekara ashirin tana kallonsa daga bakin murhunta, ta ce ba ta taɓa ganin ya ɓalle ƙofa ba. Ranar da aka kulle wata jaririya a cikin tasi da rana tsaka, direbobi har sun ɗauko dutse, shi kuwa ya buɗe da wayar laima kafin su gama gardamar gilashin da za a fasa. Amma abin da ta fi yawan faɗa wata ɗabi'arsa ce. In ya gyara aljihun mota, ba ya buɗewa. Yana jin harshen makullin ya saki, sai ya dafe murfin da tafin hannu, ya kau da kai, ya kira mai motar ya zo ya buɗe kayansa. 'Yan tasha sun daɗe suna tsokanarsa a kan haka. Ni ma na yi dariyar, har ranar da abin ya zo kaina.

Babana, Ajagbe, ya shekara talatin yana jan wata tsohuwar a-kori-kura, yana ɗauko doya da matan kasuwa daga ƙauyuka. Tun bara na fara jin ƙishin-ƙishin: yau ya goge gada, gobe ya take akuya da rana tsaka. In na tambaye shi sai ya hau ni da faɗa. Kullum ya fita gabana faɗuwa yake, saboda shi da kuma matan nan da ke zaune a kan doya a baya. Amma a wurinmu ɗa bai isa ya ce wa ubansa kawo makulli ba. Ana cikin haka takardun motar suka ƙare, na ainihin kuwa suna cikin aljihun gaba, wanda ya yi wata biyar a cije. Wata Asabar Babana yana barcin rana, na ɗauki motar na kai gindin mangwaro.

Na rusuna na ce wa Baba Akanji, "Baba, ku ɓalle shi kawai, sauri nake."

Ya ce, "Sauri? Mukaila malamin makaranta, haka kake ɓalle kawunan 'ya'yan mutane in karatu ya ƙi shiga?"

Ya kwanta rigingine a kujera, ya cusa kai ƙarƙashi, ya ɗiga kananzir, ya shiga lalube da siririyar waya. A nan na ga yadda hannunsa ke rawa. Sau biyu sukuddireba tana zamewa, yana tsaki yana sake kamawa. Ya fi rabin awa a haka, gumi na shiga masa ido, sannan ya zaro wata ƙaramar ƙusa lanƙwasasshiya, makullin ya ce ƙas. Na kai hannu zan buɗe, na tarar tafinsa ya riga ni.

Ya ce, "Tsatsa ba ta lanƙwasa ƙusa ta cusa a ramin makulli. Hannun mutum ne ya sa wannan. Je ka zo da mai motar."

"Haba Baba, ni ɗansa ne fa!"

"Na sani, da ni aka ci shinkafar sunanka. Je ka zo da shi."

Na hau acaɓa ina ƙunƙuni. Kafin in lallashi Babana ya taso, kusan awa guda ta wuce. Muka tarar da Baba Akanji tsaye a ƙofar fasinja, hannu a kan murfin yadda na bar shi. Iya Morenike ta ce amalarsa ta huce a kwano, ta yi ta kira, ya ce hannunsa yana aiki.

Babana ya zo yana huci. "Yaya, wa ya ce a taɓa mini mota?"

Baba Akanji ya miƙa masa ƙusar. Ya kore ni gefe, amma kunnena bai tafi ba. Ya ɗaga ɗaya hannun yana karkarwa, ya ce, "Ajagbe, dubi nan. Sau biyu na kuskure kan sukuru yau. Na kusa ajiye aikin nan. Ni in na kuskure, sukuru ne zai faɗi ƙasa. Kai fa? Madubi uku na ɗaura maka a bana."

Babana ya dubi ƙusar, sannan ya ce, "In na ajiye makulli me na zama, Yaya? Tsohon da ake tura wa abinci ɗaki?"

"Abin da ni ma zan zama. Ban san abin da ke cikin nan ba, kuma ba na son sani. In ka ce in mayar da ƙusar, yanzu zan mayar. Amma ka yi sauri, ɗan'uwa, hannuna ya gaji."

Babana ya ɗora hannunsa a wurin, Baba Akanji ya janye nasa ya juya baya. Da kansa Babana ya buɗe, ya zaro wata takarda a ninke, ya kira ni ya ba ni. Ta likitan ido ce, wata biyar da rubutawa: ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana bin sa, kada ya sake tuƙi. Ina cikin karantawa ya zare makullin motar da na bari a jikinta ya sa mini a hannu, ya hau ya zauna a kujerar fasinja, wadda bai taɓa zama a kai ba. Har muka isa gida ina tuƙi ina share ido.

Baba Akanji, a gabanka ban isa in ce maka kai ba, amma yau takarda ta ba ni dama. Kai ne mai buɗe kulle ba tare da ka tona asiri ba. Da ka bi maganata ka ɓalle, da ni na tsinci takardar nan, da na je na tsaya a kan ubana kamar ɗan sanda, kuma na san halinsa, da ya ƙwace makullinsa ya fita washegari don kawai ya nuna mini. Kai ne ka tsaya awa guda cikin rana da hannu mai ciwo don Babana ya miƙa da kansa.

Ku kanikawan yanzu da ba ku da magani sai guduma, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku ga yadda ake lallaɓa ƙarfe, da yadda ake lallaɓa mai ƙarfen. Ba zan ce komai ya yi daɗi a gidanmu ba. Babana yana zaune, yana faɗa da rediyo, yana faɗa da ni, wata rana ko abinci ba ya taɓawa. Amma na gode, Baba Akanji, Allah ya hutar da hannunka. Babana ba ya ganin fuskata sosai yanzu, ni kuwa ina ganin tasa kullum da safe.