Saverio, Mutumin da Ake Ta Warkarwa

Taliya nake dafawa a bakin lungunmu a Napoli tun ina saurayi, kuma duk wanda ya taɓa zama a lungun nan na san yadda yake ci. Saverio a tsaye yake cin tasa, ya ɗaga ta da yatsu har sama da kansa, ya sako ta a baki, bai taɓa roƙon a ƙara masa cuku ba. Dogo ne mai faɗin ƙirji, da irin fuskar da kana gani za ka ba mai ita ajiya. Ƙofar ɗakinsa tana kallon tukunyata. A ciki suke shi da matarsa Orsola da 'yarsu Porzia da kaji.

Sana'arsa ta fari ɗaukar kujera ce. Shi a gaba, abokin aikinsa a baya, mai hali yana zaune a ciki bayan labule, su hau tudu da shi su sauko. Ya daɗe yana yi, har ranar da ƙafarsa ta zame a kan matakala yana ɗauke da wani alƙali mai ƙiba. Kafaɗarsa ta goce. Alƙalin ya leƙo ya zage shi don hular gashinsa ta karkace, aka ce ya je gida ya huta, ba a sake kiransa ba.

Yana yawon neman aiki a bakin teku Don Liborio ya gan shi. Wannan mai magani ne na dandali, yana sa jar riga mai zubin zinare da hular gashi da ta sha hoda, yana da mai ganga da ɗan biri. Ya ce wai a gun likitan Sarkin Istanbul ya koyo sirrin ruwan da yake sayarwa a 'yan kwalabe. Ruwan rijiya ne da ƙonannen sukari da barkono da ɗan barasa.

Ya zagaya Saverio kamar mai taya doki, ya ce, "Kai dogo, ka iya faɗuwa?"

Saverio ya ce, "Ranka ya daɗe, ai faɗuwa ce ta kawo ni nan."

"To daga yau za ta ciyar da kai."

Aikin ba wuya. Saverio zai tsaya cikin 'yan kallo da guntun sabulu a kumatu. In ganga ta yi zafi sai ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita, kamar mai farfaɗiya. Don Liborio ya diro daga kan teburinsa yana cewa a ba shi hanya, ya ɗiga masa ruwan a baki. Saverio ya buɗe ido, ya tashi, ya sumbaci hannun mai magani yana kuka. Kafin ya gama share fuska kwalabe sun ƙare. A unguwanni masu nisa suke yi, inda ba a san shi ba. Orsola kuwa ya ce mata dako yake yi a tashar jirage.

Da abin ya tsaya a nan, da ba komai. Amma wata rana keken dokin matar wani basarake ya maƙale a cikin taron, ta ga faɗuwar da tashin da idonta. Tana tare da mai raka ta, irin samarin nan da ke riƙe wa matan manya mafici da ɗan kare yayin da mazan suke can suna riƙe wa matan wasu. Ta aike shi ya kira mai maganin. Daga nan manyan gidaje suka fara neman su, domin a garin nan abin da wata ta nuna wa baƙinta, sai kowace ta nuna wa nata.

Saverio ya ba ni labarin waɗannan gidaje daga baya. Da maraice ake shiga da su, a tarar da manya suna karta suna shan cakulan. Don Liborio ya yi bayani cewa ciwon yakan waiwayo in wata ya cika, ko in iska ta juya, ko dai abin da ya zo masa a baki. Barori su shimfiɗa tsumma don kada kumfa ta ɓata darduma. Saverio ya faɗi a kai. Mata su rufe fuska da mafici suna leƙe ta gefe, maza su yi caca a kan ko zai tashi kafin a gama raba karta. Wata uwargida ta taɓa sa a maimaita don ƙawarta ta makara. Ba dukansu aka ruɗa ba. Akwai wani tsohon basarake da ya shaƙi garin taba, ya sunkuyo ya raɗa masa, "Ka fi na bara iyawa, shi wancan dariya yake yi." Sannan ya sayi kwalba ya ba matarsa. In an gama, a kai Saverio wurin masu girki ya ci saura.

Wata mai wankin manyan gidaje ce ta kawo labarin lungunmu. Ranar Saverio ya dawo ya tarar da mata sun cika ƙofarsa, Orsola a tsakiya tana kuka. Ta kama rigarsa ta ce, "Haba Saverio! Kana fama da irin wannan ciwo ka ɓoye mini? Ni ba matarka ba ce?" Ya dubi idanun da ke kansa, ya ce, "Ban so hankalinki ya tashi ba ne." Tun daga ranar ya zama abin alfaharin lungu. Tsofaffi sukan shafa rigarsa kafin su je cacar lambobi.

Bayan wannan ne Orsola ta ji ƙullutu a ƙirjinta. Ta yi ta ɓoyewa har ya kai ba ta iya ɗaga tulu. Saverio ya ce a je asibitin 'yan coci, an ce akwai likita mai fiɗa a can. Ta ce, "A yanka ni kamar kifi, alhali maganin yana hannun ubangidanka? Kawo mini kwalba."

Ya kori Porzia waje, ya rufe ƙofa, ya faɗa mata gaskiya duka. Ƙofofinmu ba su tare magana, ina jin su daga bakin tukunya.

Ta ce, "Sabulu?"

"Sabulu, Orsola. Na rantse da Allah."

"Rabin Napoli sun gan ka kana mutuwa, kai kaɗai ne ba ka gani ba. Mai farfaɗiya yana sanin abin da ya same shi ne? In ƙyashin kwalbar kake yi, faɗa mini kai tsaye."

Ya ce to bari ta gani. Ya jefa sabulu a baki a gabanta, ya faɗi a ƙasan ɗakin yana shure-shure yadda ya saba. Ya iya aikinsa fiye da kima. Orsola ta manta da sabulun, ta ƙwalla ihu, ta fizgo kwalbar da maƙwabciya ta ara mata, ta ɗura masa. Ya tofar, ya miƙe yana cewa, "Kin gani? Ƙarya ce!" Ta rungume shi ta ce, "Na gani, mijina. Na gani ka tashi."

Ni na yarda da shi, don na sha ganin yana sayen sabulu fiye da mai wanki. Na je na yi wa Orsola magana. Ta ce, "Maƙwabci, koma kan tukunyarka kada taliya ta caɓe."

Ya je wurin Don Liborio ya roƙe shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa. Mai maganin yana gyara hular gashinsa a madubi, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "In na faɗa wa matarka, na faɗa wa lungunku, lungunku kuwa ya faɗa wa hukuma. Ni ina da masu gida da za su fitar da ni. Kai wa kake da shi? Da wannan kafaɗar za ka tuƙa jirgin sarki da sarƙa a ƙafa kamar sauran fursunoni?" Ya miƙo masa kwalba biyu ya ce kyauta ce, a gaida uwargida.

Duk da haka Saverio ya gwada. Ranar kasuwa, ganga na tashi, maimakon ya faɗi sai ya haye bakin teburin ya ɗaga sabulun sama, ya ce, "Jama'a, ƙarya muke yi muku! Ban taɓa ciwo ba! Ruwan rijiya ne!" Don Liborio ya girgiza kai kamar uba mai tausayi, ya ce, "Allah sarki. Ku duba da kyau, wannan shi ne matakin ƙarshe, ciwon ya bar jiki ya hau kai. Ku riƙe mini shi a hankali." Mahauta suka danne shi suna lallashinsa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, yanzu za ka ji sauƙi." Aka toshe masa hanci aka ɗura. Da ya gaji ya daina kokawa, taron ya ɗauki tafi. Mai gangar ya gaya mini ba su taɓa ciniki irin na ranar ba.

Orsola ta yi ta shan ruwan har kaka ta wuce. Ko mai fiɗar zai iya cetonta, ban sani ba, da yawa sun shiga asibitin nan ba su fito ba. Saverio ma bai sani ba, kuma wannan rashin sanin ne ya fi cin sa. Da ciwon ya yi tsanani babu abin da ke kwantar mata da hankali sai cokali guda na ruwan nan, don haka shi da kansa yake tallafe kanta ya ba ta. Takan haɗiye ta ce, "Yau kam na ji yana aiki." Shi kuma ya ce, "Haka ne." Ta rasu cikin sanyi, ana saura kaɗan bikin Kirsimeti.

Don Liborio ya aiko da kyandir, bai jima ba ya tattara ya yi Palermo da wani sabon mai faɗuwa. Saverio ya samu aikin shara a kasuwar kifi. Bai sake ƙoƙarin faɗa wa kowa ba. In an shafa rigarsa yakan tsaya har a gama. Porzia ta shiga aikin gida a wurin wani lauya, ta auri mai tuƙa masa keken doki, suka koma wajen gari.

Shekarar yunwa ta zo, garin alkama ya yi tsada har na kashe wutar tukunyata. Mutanen ƙauye suka cika tituna, zazzaɓi ya biyo su. Saverio ya kamu kamar kowa. Na aika wa Porzia, amma kafin saƙon ya isa ya rasu, amalanken kwasar gawa ya riga ya zo lungunmu. Ni da wani mai gyaran takalma muka ɗora shi, ƙafafunsa sun fi amalanken tsawo, sai da muka lanƙwasa masa gwiwa. Mai amalanken ya ce ba a bin gawa a wannan shekarar, don haka a bakin lungu muka tsaya.