Sarkin Ruwan Hayyin Ashir

Rediyonmu ba shi da eriya, kuma a shekarar farko ko kujera ta biyu ba shi da ita. Makirfo ɗaya ne, da tsohuwar kwamfutar da wani ɗalibi ya bari da ya gama karatu, sai barguna da muka rataye a bango don su shanye amo. Ranar Juma'a bayan la'asar muke sakin shiri ta intanet, 'yan ƙasa da ke Alƙahira su saurara, iyaye a gida ma su saurara in waya ta ga dama. Ni ne mai murɗa na'ura. Mai magana kuwa abokin zamana ne, wani Badamagare da Allah ya ba shi murya mai daɗi, ya kuma raba shi da shakka.

Muna kiransa Sarkin Ruwa, kuma sarautar tana da asali. Ranar da ya fara neman gida a Hayyin Ashir, wata unguwa a gefen Alƙahira, da Larabcinsa na littafi wankakke, dillali ya ce masa akwai ɗaki a hawa na shida, kuma "bahari" ne. To, mutumin da ya haddace nahawu tun yana zaure ba sai an fassara masa wannan ba: bahar teku ne, bahari kuwa abin da ya danganci teku. Tun bai hau benen ba ya buga wa mahaifiyarsa waya, ya ce Inna a taya shi godiya, ya samu gida a bakin teku. Da ya hau ya buɗe taga, sai ya ga rufin gidaje, da shanya, da akurkin tantabaru, da babban titi yana ruri a can ƙasa. Ashe su Misirawa in sun ce bahari, nufinsu tagar tana kallon arewa, inda iska mai sanyi take shigowa. Tekun yana nan, ba a yi masa ƙarya ba, sai dai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka gaishe shi.

Ya yi niyyar gyara maganar, na shaide shi. Amma kafin ya sake samun layi, Inna ta sanar da unguwa, unguwa ta sanar da kasuwa, har wani kawunsa ya aiko a tambaya ko ruwan yana shigo musu ɗaki da damina. Da muka buɗe rediyo, saƙon murya na farko da ya iso nata ne: a gaida mutanen bakin teku, a kuma ce wa ɗanta ya riƙa rufe kansa saboda sanyin ruwa. Muka saka shi a iska muna dariya. Kafin sati ya zagayo tambayoyi sun cika wayar. Wane irin kifi ake kamawa? Da gaske ne ruwan ba ya shayuwa? Masuntan suna da kiɗa?

Ni raina ya ɓaci, in faɗi gaskiya. Mun kafa rediyon ne don abubuwa masu amfani: wace rana layin sabunta izinin zama ya fi sauƙi, wa ya sauka daga gida da daddawa da kuka, wane ɗalibi ne ya kwanta asibiti a je dubiya. Duk wannan sai mu karanta, shiru, kamar mun yi magana da bargon. Amma a ambaci kifi, sai waya ta ɗau zafi. Haka aka haifi filin "Iskar Bahari", labarai da waƙoƙi da rayuwar mutanen gaɓar teku, kai tsaye daga unguwar da bayanta rairayi ne.

Kuma shirin ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Akwai wani mai sayar da kifi a ƙasan benenmu, mutumin Dumyat, wani garin masunta, shi ne wakilinmu na musamman ba tare da ya sani ba. A wurinsa muka ji cewa guguwar hunturu ta Iskandariyya, birnin bakin teku, iri-iri ce, kowace da sunanta da lokacinta, masunta suna jiranta kamar baƙuwa mai faɗa. Shi ya tura mana kiɗan simsimiyya, wata garaya mai tsirkiyoyi da mutanen tashar jirgin ruwa suke rawa da ita. Sarkin Ruwa zai sauka ya sayi kifi, ya hau da labari, ya zuba shi a makirfo cikin natsuwar wanda aka yanke wa cibiya a kwalekwale. Bai taɓa cewa "na gani" ba, malami ne, yana tsoron Allah. "Masunta sun tabbatar" yake cewa. Ƙarar igiyar ruwan da ake ji a bayansa kuwa rurin titi ne, ni nake rage masa kaifi a na'ura. Ɗaliban Alƙahira duk sun san zancen, kuma su ne suka fi kowa aiko da tambaya.

Shi dai Sarkin Ruwa bai taɓa zuwa tekun ba. Nakan je Iskandariyya da hutu, in ce ya zo mu tafi, sai ya ce bayan jarrabawa. Jarrabawa a wurinsa ba ta da baya. Daga ƙarshe na gane tsoro yake ji, domin mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne tafkin bayan gari, bai ga dalilin da zai kai kansa inda ba a hango ɗaya gaɓar ba.

A shekara ta uku Inna ta zo ganin likitan ido. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana haramar bin sa. Likita bai ɓoye ba, ya ce maganin ɗigawa zai ja lokaci ne kawai, abin da take son gani ta gan shi yanzu. Na koma ɗakin wani aboki na bar musu gidan, amma kullum ina zuwa saboda na'ura. Kullum kuma a wuri ɗaya nake samunta, a kan kujerarmu ta biyu, gaban taga, iska tana kaɗa mata mayafi. Daga hawa na shida idonta ba ya kai wa ga shanya da tantabaru. Fari-fari kawai take gani ya shimfiɗu har iyakar sama, ga ruri ba ya tsayawa.

"Ikon Allah," take cewa. "Ko dare ba ya hutawa."

A nan dariyar ta ƙare mana. Sarkin Ruwa ya same ni a kan matakala, ya ce, "Lokotoron ido ya ce watanni ne suka rage wa ganinta. In ta koma gida haka, titin Hayyin Ashir ne tekun da ta gani a duniya, kuma ni na ba ta shi."

Na ce, "To ka faɗa mata gaskiya mana, khalas, magana ta ƙare."

Ya ce, "In ce mata me? Duk gaisuwar da ta aika wa mutanen bakin teku, direbobin bas take gaisarwa?"

Sai ya gwada ta lallami. Ya ce Inna akwai wani gari, Iskandariyya, ruwansu ya fi kyau, mu je ki gani. Ta ce ita ba mai kwaɗayi ba ce, wanda Allah ya ajiye mata a bakin taga ya ishe ta, ba za ta jigata ƙafarta don ruwan wasu ba. Ya kawo tarihi, ya kawo iska mai amfani ga lafiya, har fassarar aya ya jawo. Ta ce ya bar ta ta ji da igiyar da ke gabanta. Ban taɓa ganin ƙarya ta tsare ƙofa haka ba, ta hana mai ita wucewa da gaskiyarsa.

Ni na samo hanyar, kuma ita ma ba ta da tsarki sosai. Na durƙusa na ce, "Inna, aiki ne ya taso. Rediyo zai yi shiri daga Iskandariyya, kuma masu sauraro sun gaji da muryar yara, dattijuwa suke so ta ba su labari. In ba ki je ba shirin ya lalace."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. "Aikinsa ne?"

Na ce aikinsa ne.

"To me muke jira? Ɗauko mini takalmina."

Jirgin ƙasa na safe muka shiga. Ita ta yi ta gyangyaɗi, shi kuwa ya yi ta bitar abin da zai faɗa, yana shan ruwa kamar mai shirin gudu. Muka sauka, muka bi wani titi mai gangara, ni a gaba da waya da makirfo, shi riƙe da hannunta. Warin gishiri ya fara tarbarmu. Sai gine-gine suka ƙare kwatsam, abin ya buɗe.

Ranar akwai rana sosai, ruwan shuɗi ne har ya so ya yi yawa. Inna ta saki hannunsa, ta dafa katangar dutse, ta karkata kai don idon mai sauran gani ya samu rabonsa. Ta daɗe. Igiya ta daki dutse, feshin ya jiƙa mata fuska, ta lasa, ta tofar, ta yi dariya.

"Wannan yana da launi," ta ce. "Naku na gida fari ne."

Na kunna na'ura, na ɗaga masa hannu alamar muna iska. Ya karɓi makirfo, ya yi sallama, ya ce masu sauraro barkanmu da, sai ya tsaya. Mutumin da ya shekara uku yana ba Damagaram da Kano labarin guguwa da masunta, ya buɗe baki ya rasa kalma ko ɗaya, ta Hausa ko ta Larabci ko ta Faransanci. Ina yi masa alama da hannu, ina jin kamar in shaƙe shi, shi kuwa hawaye kawai yake yi. Ban san ko na tekun ne ko na uwarsa ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Inna ta lalubo makirfon ta karɓe.

"Jama'a, ga ni ga shi," ta ce. "Na gani da idona. Duk abin da yaron nan yake faɗa muku gaskiya ne, har ma ya rage."

Sannan ta ji sheshsheƙarsa. Ta manta muna iska, ta kai hannu ta shafa fuskarsa, ta ji ta jiƙe.

"Kai kuma fa? Ni da yau ne kawai nawa ban yi kuka ba, sai kai da kake ganinsa kullum?"