Ƙarfen amalanken Abdulaye

Shekara talatin Maigandi ya yi yana walda a bayan kasuwar Malanville, kuma bai tara komai ba sai suna. In ya ce ƙarfe zai yi, to zai yi. Da ɗan gudumarsa yake ƙwanƙwasa ƙarfe, ya kasa kunne, ya gaya maka ko da tsaga a ciki.

Wata Alhamis Abdulaye, mai tuƙa amalanken jakin Alhaji Manzo, ya kawo masa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun amalanken. Maigandi ya ƙwanƙwasa, ya ɓata fuska.

"Ɗana, ƙarhen ga ya gaji, akwai tsaga ciki. Masu lodi na jeho maka buhu daga bisa kamyo, babbar motar kaya, ko? Ba nauyi ka kashe ƙarhe ba, bugu na. Kowane jihwa, tsagar na ƙara ci. Hwaɗa ma Alhaji shi sake sabo."

"Baba, gobe kasuwa. Liƙe mini dai, in an tashi sai in hwaɗa mai."

Ya liƙe inda tsagar ta fito fili, don tausayi. Abdulaye kuwa bai faɗa wa kowa ba. Masu lodi suka ci gaba da jifa, don a kasuwar nan wanda ya sauke buhu a hankali rago ake ce masa.

Bayan wata huɗu ƙarfen ya karye a hanyar Madécali, da buhun albasa biyu kacal. Amalanken ya danne wa Abdulaye ƙafa. Kafin la'asar gari ya yanke hukunci: buhu biyu ba sa karya ƙarfe, aikin Maigandi ne ya lalace. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, har waɗanda ba su san bambancin ƙarfe da gwangwani ba suka zama malamai.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya nemo guntun ƙarfen, ya tafi gidan da Abdulaye ke jinya. Ya nuna masa bakin karayar: rabi ya yi tsatsa, sumul, tsohuwar tsaga ke nan, sauran fari tas, karayar ranar. Waldarsa na gefe, ko gezau.

"Ka hwaɗa ma mutane abin da nac ce maka."

Abdulaye ya juya fuska bango.

"Na sani, Baba. Amma in Alhaji ya ji, ya kore ni, ga ƙahwa ɗaya, ga ɗiya biyar. Kai ka tsuhwa, ka gama naka."

Maigandi ya dubi ƙafar da aka ɗaure da karare. Ya tura guntun ƙarfen ƙarƙashin tabarma, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya fita.