Watan da Baba Ya Gani Shi Kaɗai

A Kashin Zama, tun ina yaro, idan wata ya kai ashirin da tara, mahaifina ake fara kallo kafin a kalli sama. Manomin albasa ne kamar kowa, ba malami ba, ba mai sarauta ba, amma Allah ya yi masa ido. Da rana ta faɗi zai haye wani ɗan tudu da ke yamma da gonarmu, bayan rumfunan da muke ajiye albasa, ya kare goshi da tafin hannu, ya yi shiru. Mu yara mu yi ta nuna kowane ɓallin gajimare muna cewa ga shi can. Shi kuwa ba ya ɗaga yatsa sai ya tabbata. In ya ɗaga, kowa ya bi yatsan, can sai jinjirin wata ya bayyana maka siriri kamar yankan farce, ka rasa yadda aka yi ba ka gan shi ba tun ɗazu. Daga nan a goya shi a keke, daga baya a babur, a kai shi Aliero wurin dattawan da ke karɓar shaidar ganin wata, su kuma su isar da ita gaba. Har na girma ban taɓa jin an mayar masa da shaidarsa ba.

Ni na yi boko, na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Maiyama. Ƙarshen mako nake zuwa gida. Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce ɗan boko, wani lokaci da alfahari, wani lokaci da tsiya, ya danganta da abin da na faɗa.

A shekarar da nake ba da labari, ba abin da rediyo ke yi sai maganar wata. Manyan ƙasashe sun sake tayar da tsohuwar gasarsu, wannan ta harba kumbo, waccan ta ce nata ya fi, wata kuma ta ce ta hango ƙanƙara a wani lungu na watan, kuma kowa na son ya riga kowa kafa sansani a wurin. Ranar kasuwar Jega, in mun sauke buhuna muka zauna wurin mai shayi, mutanen da ba su gama biyan kuɗin taki ba za ka ji suna rabon wata tsakanin ƙasashe, har da tayar da jijiyar wuya. Ni ma ina ciki, ba zan ɓoye ba, don abin yana burge ni. Baba dai yana saurare yana juya kofinsa. Rannan na gaya masa cewa an ce har ƙasarmu ta sa hannu a wata yarjejeniya kan yadda za a yi zaman lafiya a can sama. Ya dube ni ya ce, "Wa sunka tambaya?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce abin da ke damunsa ɗaya ne, in suka je suka kunna fitilunsu a kai, mu da me za mu gane wata ya tsaya.

Na yi masa dogon bayani irin na aji, cewa wata ya fi ƙarfin fitilar ɗan Adam. Bai gamsu ba. A lokacin ban lura ba cewa ba fitilun Turawa ne ke shirin shiga tsakaninsa da wata ba.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara ganewa. Ta ga yana zuba ruwa gefen moɗa, ta ga ya koma tantance albasa da laluben hannu. Ni sai ranar da ya yi wa wani buhu da ke jingine a kasuwa sallama, ya tsaya yana jiran amsa, sannan na yarda. Muka yi ta tsokanarsa a kan hanyar dawowa, shi ma yana dariya, yana cewa buhun ya fi wasu dillalai mutunci. Amma na kai shi asibiti a Jega. Likita ya ce yanar ido ce, aiki ne ɗan ƙarami, a kankare ya koma gani garau. Baba ya ce ya ji, amma ba mai sa masa wuƙa a ido sai ya ga watan Azumi tukuna. Na yi faɗa, na yi lallashi, Inna ta yi nata. Wanda ya san shi ya san mun ɓata bakinmu ne kawai.

Ranar duban wata na baro Maiyama da wuri. Na riga na duba a waya, masana taurari sun ce a yammacin nan wata zai faɗi kusan tare da rana, ba idon da zai kama shi a ƙasarmu. Na gaya wa Baba tun a zaure. Ya ce waya ba ta da ido, ya ɗauki sandarsa.

Mutanen da suka hau tudun ba su kai na da ba. Dattawa ne 'yan kaɗan, sai samari da rabin hankalinsu ke kan wayoyinsu suna jiran sanarwa. Sama tas take, ja a ƙasa, ba gajimare ko ɗaya. Baba ya kare goshi ya yi shirunsa. Ina gefensa ina addu'a a zuci kada ya ɗaga yatsan nan. Sai ya ɗaga.

Kowa ya bi yatsan kamar yadda aka saba. Na ƙura ido har hawaye suka zo. Wallahi na so in gani, ban taɓa son a ƙaryata kimiyyata ba irin na wannan yammaci. Ba komai a wurin sai jan sama.

"Ka gan shi?" ya tambaye ni, bai juyo ba.

"Ban gan shi ba, Baba."

"Karatu ya cinye maka ido. Tashi babur."

Na goya shi muka nufi Aliero.

Dattijon da ya karɓe mu abokin tasowar Baba ne, tare suka yi kiwon awaki. Ya yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane mai shaida: ina ƙahonnin suka fuskanta, tsayinsa nawa daga ƙasa, dama yake ko hagu da inda rana ta faɗi. Baba ya amsa ba gargada, ai ya fi shekara arba'in yana amsa su. Sai dattijon ya ce ko akwai na biyu da ya gani, ya dubo ni. Na sunkuyar da kai. Dattijon ya ce a hankali, ba labari daga ko'ina, har waɗanda suka fita da madubin hangen nesa daga jami'a ba su ga komai ba, kuma shaidar mutum ɗaya cikin sama mai haske irin wannan ba ta isa a ɗora wa jama'a azumi. Gaskiya ya faɗa, kuma na ga yadda faɗin ya yi masa nauyi.

Wani daga cikin mazauna wurin ya so ya buɗe wa Baba ƙofar fita. Ya ce ai yanzu sama ta cika da taurarin ɗan Adam, bayan magariba ma jerin gwano suke wucewa, wataƙila ɗaya ne ya ɗauki hasken rana. Kowa ya yi saurin cewa haka ne, laifin masu harbe-harben nan ne da suka mayar da sama juji. Da Baba ya karɓa, da an tashi lafiya, a zagi Turawa a watse. Amma ya miƙe, ya dogara sandarsa ya ce, "Na san wata, na san ƙarfe. Abin da nig gani wata na."

A hanyar komawa hannuwansa na kan kafaɗuna har muka isa gida.

A wurinmu, wanda ya ga watan Azumi da idonsa, ko an ƙi shaidarsa, shi azumi ya hau kansa. Don haka da asuba Baba ya yi sahur. Inna ta ce za ta taya shi, ya hana ta. Ya ce ita ba ta gani ba, kada ta ɗauki abin da ba a ɗora mata ba.

Lokacin cirar albasa ne, ga zafi kamar a bakin murhu. Da rana ta take, masu aiki suka taru ƙarƙashin bishiya aka dama fura, ana sha ana raha don gobe baki zai rufe. Baba ya ja buhu ya zauna can nesa, ya juya mana baya, yana yanke ganyen albasa da lalube. Wasu suka riƙa rage murya in sun kalle shi. Wannan rage muryar ta fi yi mini ciwo a kan a ce dariya suka yi. Na ji haushin kowa a ranar, masu furar, da wayar da ke aljihuna, da mutanen da ke can wata duniya suna rige-rigen taka abin da tsohona ya ƙare rayuwarsa yana hange daga nesa cikin ladabi. Furar ma kasa shanta na yi.

Washegari gari ya ɗauki azumi, abin ya lafa, har na ɗauka ya wuce. Ashe yana jiranmu a ƙarshe. Watan Sallah bai tsaya ba a daren da aka duba, aka ce jama'a su cika talatin. Shi kuwa Baba, da ya riga kowa da kwana ɗaya, nasa talatin ɗin sun riga sun cika. Limamin garinmu ya zo har gida ya ba shi shawara ya bi jama'a. Baba ya ce ba a azumi talatin da ɗaya, kuma in ya ƙara, ya ƙaryata idonsa ke nan. Abin da ya yarda da shi kawai, ba zai ci a bainar mutane ba.

Da safe ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya shafa turare, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Ba kabbara a gari, ba ƙamshin miya, yara ma ba su san ana wani abu ba. Na shiga gaishe shi na tarar da shi zaune a kan buzu, ga dabino a faranti, ga ruwa a moɗa. Ya ɗago ya ce mini barka da Sallah, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji. Ni da bakina da azumi na ce masa barkanmu, Allah ya maimaita mana. Na fito na zagaya bayan rumbu na yi kukan da rabona da irinsa tun ina ƙarami.

Bayan Sallah ya yarda aka yi aikin a Jega. Ranar da aka cire masa auduga, Inna ya fara gani, ya ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya masa. Muka yi dariya har da ma'aikatan jinya. Ya dawo gida yana karanta lambar motoci daga nesa don a san ya warke. Rediyo na nan tana ta labarinta, wani kumbo ya sauka lafiya, wani ya kife a kan duwatsu, shugabanni na ta yi wa juna gori. Baba ya daina tanka musu. Jira yake wata ya ƙare.

Da lokacin ya zo muka hau tudun, ni da shi da dattawa biyu. Wannan karon masana sun ce za a gani, kuma an gani. Tun kafin mu daidaita tsayuwa Baba ya kama shi, ya riga kowa kamar da. Na jira ya ɗaga yatsa. Bai ɗaga ba. Ya dube shi, ya kawar da kai gefe, ya sake dawowa, ya sake kawarwa. Dattawan suka gani da kansu suka yi addu'a suka gangara, aka bar mu mu biyu.

"Ɗan boko," ya ce, "wanga tsaye shike wuri guda."

Na ce haka ne, Baba.

"Wancan na kafin Azumi, da nij juyo in kira ka, sai da yab biyo ni kaɗan."

Na yi ta murna an buɗe masa ido, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da zai fara gani da shi ke nan ba.

Da gari ya waye ya ce in kai shi Aliero. Na ce ai wata ya riga ya tabbata, ba a buƙatar shaida. Ya ce ba kaiwa zai yi ba, tsohuwar shaidarsa zai karɓo. A gaban mutane ya gaya wa abokin nasa cewa abin da ya kawo musu kafin Azumi ba wata ba ne, ba kuma ƙarfen kowa ba ne, a cikin idonsa yake. Dattijon ya riƙe hannunsa ya ce ya wuce, kuma yanzu da ido ya dawo suna jiransa ƙarshen kowane wata. Baba ya yi murmushi ya gode masa. Tun daga ranar bai ƙara hawa tudun nan ba.

Saura abu ɗaya. Ranar da ya sa babbar riga ya ci dabino, ashe ranar Azumi ce cikakkiya. Ya je wurin liman da kansa ya tambaya ko kaffara ta hau shi, ya ce in wata biyu ne a jere zai yi. Liman ya ce ba da gangan ya keta ba, ya rama ɗaya ta wadatar.

Ya zaɓi wata Asabar da nake gida. Duk gari na ci na sha, shi yana azumi, kamar wancan karon. Da asuba na ji motsin Inna a madafa, na ji ta ce masa ta dama kunun da yawa, za ta taya shi. Na kasa kunne ina jiran ya ce mata ba a ɗora mata ba. Bai hana ta ba.