Ni Na Samu Sanyin, Auta Ta Samu Furen

Da Umma ta samu bizar wata shida, ni na kafe sai ta fara sauka a gidana. Ni ce babba, kuma a gidanmu baƙo ba ya tsallake babba ya sauka wurin ƙarami. Auta, ƙanwata da ke aure a Manchester, ba ta ja da ni ba. Ta ce in ɗauki ukun farko, ita ta karɓi na ƙarshe. Har na ji daɗin ladabin nan nata. Ashe yarinyar ta fi ni sanin kalandar ƙasar.

Umma ta iso Small Heath, unguwarmu a Birmingham, a watan Disamba. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, kafin ka naɗe sallayar la'asar magariba ta yi. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, hukuma ta rufe ɗan zauren unguwa inda dattijan mata ke haɗuwa shan shayi, ni kuma kullum ina can unguwar Edgbaston ina fama da karatuna. Haka Umma za ta wuni a jikin hitar ɗumama ɗaki da carbi, safa biyu a kowace ƙafa, tana kallon bangon maƙwabta. Gwiwarta ta kumbura, muka yi ta zaryar asibiti. Na tuƙa tuwo, na jefa ɗanwake, na nemo daddawa har unguwar Ladywood. Takan ce Allah ya yi albarka, idonta a kan kwano. Ni 'yar fari ce, ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta zauna hira da ni. Na san kunya ce irin ta iyayenmu. Sanin bai taɓa rage min zafinta ba.

Farkon Maris Auta ta zo da mota ta ɗauke ta. Ba a jima ba hotuna suka fara shigo min a waya. Mijin Auta yana aiki a wani ƙaramin gari na bakin teku, arewa da Manchester, can suke kai Umma ƙarshen mako. Ga ta tsaye cikin furanni ruwan ɗorawa, tana dariya har ana ganin wushiryarta. Wata uku tana gidana ban ga wushiryar nan ba. Kishi ya turnuƙe ni, na kifa wayar a kan tebur. Asabar mai zuwa na hau jirgin ƙasa na bi su.

Tun a hanya ƙasar ta fara ba ni haushi. Shingayen gonaki sun fara toho, 'yan raguna sabuwar haihuwa suna tsalle a fili kamar an biya su. A bakin tekun ruwa ya janye can nesa, ya bar jiƙaƙƙen yashi yana sheƙi, tsuntsaye birjik suna kiwo a kai. Iskar da sauran sanyinta, amma rana na taɓa fuska. Matar da na yi ta lallaɓawa a kan matakala, ga ta tana takawa ba sanda. Ta ce ƙasar na ƙamshi irin na ruwan farko, ta tambayi yaushe mutanen nan suke shuka. Ba ni ta tambaya ba. Auta ta saƙalo hannunta, ta kwantar da kai a kafaɗarta, suna cin kifi da soyayyen dankali a takarda ɗaya. Ni ina biye da su riƙe da jakar Umma.

Da Auta ta tafi sayo shayi, na matsa kusa. Na ce, “Umma, ki dawo Birmingham ko sati biyu ne kafin ki koma. Mu ma furen ya fito, akwai wani lambun shaƙatawa kusa da gidana, zan ɗauki hutu in kai ki.”

Ta mai da idonta kan ruwa. Sai da Auta ta dawo da kofuna sannan ta amsa, kuma ita ta duba.

“Gaya wa waccan an riga an raba. Ai ita ta zaɓa.”

Auta ta buɗe baki za ta roƙa min, na daka mata harara. Abin da ya rage min ke nan, in samu uwata da alfarmar ƙanwata.

Na koma Birmingham ni kaɗai. Layinmu ya cika da fure a wannan shekarar, itatuwan ƙofar gidana suka yi fari fat, na riƙa wuce su ba na ko ɗaga kai. Umma ta tashi daga filin jirgin Manchester, ba ta sake zuwa ba. Har ta koma ga Allah, duk wanda ya tambaye ta labarin Ingila, amsarta ɗaya ce: garin Auta akwai kyau, garin waccan kuwa rana ba ta fitowa.